Ɗalibai 84, waya ɗaya: Ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati. A hutun da ya wuce an tura mu bita ta kwana uku, aka nuna mana Kahoot, wata manhajar tambayoyi da ake amsawa ta waya, a majigi, kowa riƙe da wayarsa, abin gwanin sha'awa. Da muka dawo sai shugaban makaranta ya ce kowa ya fara amfani da irin waɗannan manhajoji a aji. To ni ɗalibaina 84 ne a aji ɗaya, babu wuta, kuma an hana yara zuwa da waya. Wayata ce kaɗai. Ta ina zan fara, ko in haƙura da alli da allo?
Malamar kimiyya, daga Funtuwa

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka miki da alheri da kika damu da yaran nan har kika rubuto.

Kahoot dai ki ajiye shi gefe tukuna. A ƙasar Norwe aka ƙirƙire shi, ya fito a 2013, kuma an gina shi ne don ajin da ke da babban allon majigi da na'ura a hannun yara. Ban da haka, yana ƙara wa mai saurin dannawa maki, ni kuwa na sha ganin yarinyar da ta fi kowa fahimta ita ce mai jinkirin amsa, don tana tunani.

Amma kada ki haƙura, domin akwai wata matsala da alli bai taɓa warware mana ba. Kin san yadda ake yi: ki gama bayani ki ce "Kun gane?", aji ya amsa baki ɗaya, "Eh, Malama!" Ki yi tambaya, yara biyar na bencin gaba su ɗaga hannu, su ne dai na jiya. Sauran 79 ba ki san abin da ke kansu ba sai ranar da kika zauna gyaran takardun jarrabawa, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Babban amfanin waɗannan manhajoji a wurina shi ne ki ji amsar kowa nan take, har da wanda ya rakuɓe a lungu.

Wadda ta dace da ajinki sunanta Plickers, kuma wayarki kaɗai take buƙata. Za ki yi rajista kyauta, ki sauko da katunanta, ki kai shagon buga takardu a fitar miki. Kowane kati yana da wani baƙin zane mai gefe huɗu, an rubuta A, B, C, D da ƙananan haruffa a gefunan. Ki rubuta tambaya a allo da allinki. Yaro ya juya katinsa yadda harafin da ya zaɓa zai koma sama, ya ɗaga. Ke kuma ki tsaya a gaba ki bi ajin da kyamarar waya daga wannan bango zuwa wancan. Kafin ki sauke hannu kin ga mutum nawa suka zaɓi kowace amsa, kuma wane ne. Zanen kowane kati daban yake, saboda haka leƙen na maƙwabci ba ya amfani.

Katunan 63 ne iyaka, don haka ki haɗa yaran bibbiyu, kati 42 ya ishe ki. Wannan ma alheri ne, don dole su yi musu a tsakaninsu kafin su ɗaga. Ki manna katunan a kwali da gam, kada ki lulluɓe su da leda mai sheƙi, hasken taga yana hana kyamara karantawa. Ki kuma shigo da caji da ɗan data.

Bari in gaya miki ranar da abin ya shige ni. Na koyar da darasin lantarki mako biyu, na tabbata a raina sun gane. Sai na zana batir ɗaya da ƙwan fitila biyu iri ɗaya a jere a kan waya guda, na tambaya wanne zai fi haske. Fiye da rabin ajin suka ce na farko, wai shi zai fara shan wutar, na biyu ya samu ragowa. Gabana ya faɗi. Ban gaya musu amsa ba. Na ce kowa ya juya ya shawo kan wanda amsarsa ta saɓa da tasa, minti biyu, sannan muka sake ɗaga kati. Wannan dabara ta Eric Mazur ce, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, wanda ya fara ta a farkon shekarun 1990. Amsoshi suka gyaru, amma wasu suka kafe.

Waɗanda suka kafe, PhET ce ta sauko da su. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2001, shi ya kafa ta a 2002 a Jami'ar Kolorado da ke Amurka. Gwaje-gwaje ne na kwaikwayo, kyauta, kuma idan kika sauko da ɗaya yana aiki ba tare da intanet ba, har ki tura wa abokiyar aiki ta Xender. Na buɗe na haɗa lantarki, na riƙa kiran yara takwas-takwas zuwa tebur. Wani yaro da ba ya magana a aji ya ja batir da yatsa, ya jona ƙwai biyu, ya rufe makunni, duka suka kama da haske iri ɗaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire ɗaya, ɗayan ma ya mutu. Da kansa ya juya ya fara yi wa 'yan rukuninsa bayani da Hausa. In kina da batir da wayar wuta da ƙwan fitila na gaske, ki haɗa musu su taɓa da hannu, kwaikwayon ya zo a bayansa.

Akwai kuma manhajar GeoGebra ga malamin lissafinku, da manhajar darussa ta Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da UNICEF a 2022, wadda yaro zai iya bi a wayar gida. Sai dai kada ki ɗora maki a kan aikin da sai da wayar iyaye ake yi, za ki cuci marasa ita.

Shi kuma shugaban makaranta, ki tuna masa cewa tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, don haka in akwai ɗakin kwamfuta a kulle, a nemi man janareta a buɗe shi ko sau ɗaya a mako. Ke kuma ki fara da aji ɗaya, tambaya uku a ƙarshen darasi, minti goma. Ki kula da amsoshin da ba daidai ba a cikin zaɓin A zuwa D, ki sa irin kurakuran da kika saba gani a takardunsu. Idan kin yi wata guda ki sake rubuto mini, ina son jin tambayar da ta fi raba kan ajin naki.