Hukuncin sayar da hannun jari a tsohuwar gonar inabi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni mutumin Damagaram ne, ina zaune a Bordo ta ƙasar Faransa. Akwai wata tsohuwar gonar inabi kusa da Saint-Emiliyon da magada ke son sayarwa. Ni da abokina muna son mu kafa ɗan kamfani, mu raba gonar hannu-hannu, mutane su saya, mu kuma mu ci ladan kulawa. Ƙasar za mu mallaka kawai, manomin da ke haya shi ke yin giyarsa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, tarayya a gona ba ta da laifi. Mutum goma ko ɗari su mallaki fili guda, kowa da kasonsa sananne ko da ba a shata iyaka ba, wannan malamai sun halatta shi, har Shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, wato shi ya fi cancantar sayen kason idan ɗaya zai sayar. Ba wa wani gona ya kula a raba amfani ma yana da asali, domin Annabi (SAW) ya bar wa Yahudawan Khaibar gonakinta a kan rabin abin da suka fitar, kuma Imam Malik ya halatta irin wannan a itacen inabi. Inabi kuwa ni'ima ce da Alƙur'ani ya ambata cikin 'ya'yan itacen Aljanna.

Matsalar tana cikin maganarka ta ƙarshe. Saint-Emiliyon da giya aka fi sanin ta, gonakinta ne ma suka sa UNESCO ta saka ta cikin wuraren tarihi a 1999. Inabin da ake shukawa can, irin su Merlot, ƙanana ne masu kaurin ɓawo da ƙwallaye, ba don kasuwar kayan marmari ake noma su ba. Tsarin da kake nufi Faransawa na kiransa GFV: masu hannun jari su sayi ƙasa, a ba mai yin giya haya ta shekara 18 ko fiye, sau da yawa ma da kwalaben giya ake biyan masu hannun jarin. To ka ga babu sauran zato. Ka san abin da za a yi da inabin, yana rubuce a takardar haya, kuma darajar gonar da kake tallatawa sunan giyarta ce.

Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya la'anci mutum goma a kan giya. Mai sha ɗaya ne kawai a cikinsu. Akwai mai matsewa, da wanda aka matse dominsa, da mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Hayar da aka biya daga cinikin giya, a gonar da aka bayar don giya, ina za ta faɗa in ba nan ba? Allah kuma ya ce a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. A kan haka Malikiyya da Hanbaliyya suka haramta sayar da inabi ga wanda aka san zai mayar da shi giya, Shafi'iyya ma haka idan an tabbatar. An ruwaito sassauci daga Abu Hanifa, gaskiya ne, amma manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad, ba su bi shi ba, kuma kai ba ciniki ɗaya za ka yi ka wuce ba, sana'a za ka gina a kai.

Nasa'i ya kawo labarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Gonakinsa suka yi inabi mai yawa, wakilinsa ya rubuto yana tsoron asara, yana neman izinin matsewa. Sa'ad ya amsa masa da ya bar masa gonarsa, ya rantse ba zai ƙara amince masa da komai ba. Shawara kawai mutumin ya kawo.

Kada kuma ka ce ai Turawa kaɗai za ka sayar wa. Abin da aka haramta maka cin kuɗinsa, addinin mai saye ba ya halatta shi. In kuwa 'yan'uwa Musulmi za ka jawo da sunan mallakar gonar tarihi, ka ƙara nauyin yaudara.

Don haka wannan kamfani a yadda ka siffanta shi bai halatta ba, ladan dillancinsa ma haka.

Amma dabarar kanta kada ka yar da ita. A Faransar nan akwai Muwasak, inda ake noma inabin ci mai suna Chasselas, a Malaga ta Sifen da Manisa ta Turkiyya kuma zabibi ake shanyawa tun kaka da kakanni. Ka nemi gona irin wannan, a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a sayar wa masu giya ba. Kada ka lamunce wa kowa riba ƙayyadadda, riba da asara a kan kaso suke. Kada a sayar da amfanin shekara kafin ya fara nuna, Annabi ya hana sayar da inabi sai ya yi baƙi. Zakka kuwa a mazhabarmu kowa kasonsa ake dubawa: in ya kai wusiƙi 5 na zabibi, wajen kilo 650, sai a fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne, ko rabin haka in da wahalar ban-ruwa.

In har kun riga kun ba da kafin alƙalami a waccan gonar, ku nemi janyewa ku karɓi kuɗinku. Wallahu a'alam.