Ƙwaro mai dogon ƙaho a gonar kankana: yaya za a gane shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin gona ne a yankin Auyo, Jigawa. Na tsinci wasu ƙananan ƙwari masu ruwan ƙasa a jikin yaɗon kankana da ya fara bushewa. Tsawonsu bai wuce santimita 1 ba, suna da ƙaho biyu dogaye, kuma in an kama su sai su riƙa ƙara. Na ajiye guda shida a kwalba. Wane iri ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka ajiye su, domin da yawa murƙushewa suke yi, daga baya su zo da labari.

Siffar da ka bayar ta dangin Cerambycidae ce, masu dogon ƙaho, waɗanda ire-irensu suka haura 30,000 a duniya. Samo gilashin ƙara girman abu ka ƙirga gaɓoɓin ƙahon, galibi 11 ne. Sannan dubi ido: za ka ga ya lanƙwasa kamar ƙwayar wake, ya kewaye gindin ƙahon. Ƙarar kuwa ba da baki yake yi ba, sassan bayansa yake gogawa.

Yanzu juya shi ta gefe ka kalli fuskar. In ta sauka tsaye, bakin na kallon ƙasa, to ɗan reshen Lamiinae ne. Tunda kuma a kankana ka same shi, hankalina ya fi karkata ga jinsin Apomecyna, wanda tsutsarsa ke huda karan kankana da kabewa da duma tana ci daga ciki. Tsaga karan da ya bushe a tsaye. In ka tarar da rami da farar tsutsa marar ƙafa, to zargin ya ƙara ƙarfi.

Cikakken suna kuwa sai an jera naka kusa da waɗanda masana suka riga suka tantance, saboda 'yan wannan jinsi suna kama ƙwarai, ɗigon fari a fiffike kan goge in an yawaita taɓawa. Zuba uku a sifirit mai ƙarfin kashi 70, sauran ka busar, ka kiyaye ƙahon kada ya karye. Rubuta gari da kwanan wata da sunan shukar da fensir, ka saka a kwalbar. Don Allah kada ka raina wannan 'yar takarda. Ka kai su ma'ajiyar ƙwari ta Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) da ke Samaru, Zariya.

Kafin sakamako ya fito, tattara yaɗon da ya kamu ka ƙone.