Amsa kan gyaran dokar ruwa: abin da mai masana'anta ya kamata ya shirya tun yanzu

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwanmu ya ce yana da masana'anta mai rijiyar burtsatse biyu, ya ji ana shirin gyara manufar ruwa ta ƙasa, yana tambaya ko abin zai taɓa shi tunda ba ruwan famfon gwamnati yake amfani da shi ba. Malam, zai taɓa ka, har ma fiye da mai ruwan famfo, domin shi dama ya saba da mita da takardar biya, kai kuwa kuɗin wuta da man janareta kaɗai ka sani.

Tun bayan taron duniya kan ruwa da aka yi a birnin Dublin na ƙasar Ireland a 1992, inda aka amince cewa ruwa dukiya ce mai daraja ta tattalin arziki, ƙasashe da dama da suka gyara dokarsu sun yi abu ɗaya: raba ruwa da fili. A da, mai fili shi ke da ruwan da ke ƙarƙashinsa. Dokar Afirka ta Kudu ta 1998 ta soke wannan, ta mayar da ruwa amanar jama'a a hannun gwamnati, ta jera nau'o'in amfani 11 da doka ke sa wa ido, ciki har da ɗiba, da tara ruwa, da zubar da gurɓatacce. Ostireliya ma, a yarjejeniyar ruwa ta 2004, ta raba haƙƙin ruwa da takardar fili, har ana saye da sayar da shi daban. Wato rijiyar taka ce, famfon naka ne, amma ruwan da izini za ka ɗiba.

To ruwa nawa za a rubuta maka a lasisin, wato takardar izinin ɗiba? Nan ne mutane suka fi cutar da kansu. Hukuma takan amince da tsohon amfani, amma sai da shaida. A Afirka ta Kudu, abin da aka ɗauka halattaccen tsohon amfani shi ne wanda mutum ya yi cikin shekaru 2 kafin dokar ta fara aiki. Wanda ba shi da rubutaccen lissafi, jami'i ne zai yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasin da wuya ya zo daidai. In an rubuta ƙasa da buƙatarka, ran da kasuwa ta buɗe ka ƙara aikin dare, ka karya doka. In kai ka zuzuta adadin don tsoro, a wurare da yawa kuɗin kan abin da aka rubuta ake lissafa shi, ba kan abin da ka ɗiba ba, sai ka yi ta biyan ruwan da yake kwance a ƙasa.

Saboda haka ka sa mita a bakin kowace rijiya tun yau, kada ka jira a tilasta maka. Sa mitar ma da ƙa'idarta. Tana son miƙaƙƙen bututu kafin ta, kamar tsawon faɗin bututun sau 10, bayanta kuma sau 5. In aka liƙa ta daf da gwiwar bututu ko bakin famfo, ruwan yana zuwa a hargitse, karatun ya kauce. Rijiyar da ke fitar da yashi tana son rariya kafin mitar, in ba haka ba farfelar ciki ta cije cikin 'yan watanni. A samu littafi guda, mutum guda, lokaci guda kowace safiya, a rubuta lambar da ke fuskar mitar, a kuma auna zurfin ruwan rijiyar sau ɗaya a wata kafin a kunna famfo. Kafin mitar ta iso kana iya ƙiyasi: famfon da ke ba da kubik mita 5 a awa, yana aiki awa 10, kwana 26, ya ɗibi kubik mita 1,300 ke nan a wata, kowace kubik mita kuwa lita 1,000 ce. Ka nemo rahoton masu haƙa da sakamakon gwajin famfo na awa 24 ko 72 in an yi, domin za a tambaye su.

Ba kowa ne dole ya nemi lasisi ba. A Ingila sai wanda ya wuce kubik mita 20 a rana. A Indiya, ƙa'idojin ruwan ƙasa na 2020 sun yafe wa ƙananan masana'antu masu ɗibar ƙasa da kubik mita 10 a rana. Ka duba irin wannan iyaka a daftarin dokar da ake shirya muku, ita ce za ta nuna maka ɓangaren da ka faɗa.

In lasisi ya fito, kada idonka ya tsaya kan adadin shekara kawai. Akwai iyakar ɗiba ta rana ko ta awa, wadda ita ta fi kama masu aikin kaka irin su sarrafa amfanin gona, da ke shan ruwan shekara cikin wata huɗu. Akwai wa'adi: a Afirka ta Kudu lasisi ba ya wuce shekara 40, kuma ana sake duba shi aƙalla duk shekara 5, abin da banki zai tambaye ka in ka je neman bashin faɗaɗa aiki. Sai babban sharaɗi, na lokacin fari. Dokar Brazil ta 1997 ta faɗa ƙarara cewa in ruwa ya yi ƙaranci, shan ɗan'adam da shayar da dabbobi ne a gaba. Wannan gaskiya ne kuma adalci ne, amma ma'anarsa masana'anta tana cikin waɗanda ake fara datse wa. A lokacin farin da aka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 2018 an umarci wuraren kasuwanci da masana'antu su rage kashi 45 cikin 100. Wanda ya san injin da ke cin kaso mafi yawa ya san inda zai rage, wanda bai sani ba rufe layin aiki gaba ɗaya ya rage masa.

Kuɗi ta ƙofa uku suke fita. Akwai na ɗiba daga rijiya ko kogi. Akwai kuɗin famfo, wanda kan tashi wa otal, gidan wanki da wurin wankin mota, saboda a tsarin farashi mai hawa-hawa mai shan ruwa da yawa shi ke tallafa wa gidaje. Ta ukun, wadda mutane suka fi mantawa kuma takan fi ciwo, ita ce kuɗin zubarwa. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta 2000 ta tsaya kan cewa mai gurɓatawa shi zai biya, kuma ƙasashe da dama sun bi wannan hanya. A Birtaniya ana lissafin ruwan da masana'anta ta zuba a magudana da yawansa, da ƙarfin dattinsa wanda gwajin COD ke nunawa (ma'aunin yawan iskar oksijin da dattin ke cinyewa), da ɓurɓushin da ke yawo a ciki. Don haka dabarar nan ta sirka gurɓataccen ruwa da mai kyau ba ta fid da kowa. Kubik mita 50 mai COD miligiram 4,000 a lita, kilo 200 ne na datti. Ka sirka ya koma kubik mita 100 mai 2,000, kilo 200 ɗin yana nan, ka kuma ƙara wa kanka kuɗin ɗiba. Abin da ke aiki shi ne kama datti tun yana kauri: mayanka ta tare jini daban, majema ta ware ruwan sinadarin kuromiyam, ɗakin girkin otal ya sa tarkon maiƙo kuma a riƙa kwashe shi, a share ƙasa da tsintsiya kafin a kawo tiyo. Tankin da ke tara ruwan yini ya gauraya shi yana hana tsamin ruwan, wato pH, yin tsalle daga iyakar 6 zuwa 9 da aka fi sawa.

Wajen rage sha kuwa, fara da gwajin dare: a kashe komai, a karanta mita, a sake karantawa da asuba. Duk abin da ya motsa yoyo ne, sau da yawa a bututun da ke binne ko ƙwallon tankin da ya daina rufewa. Hasumiyar sanyaya ruwa, in aka gyara magungunanta ruwan ya riƙa zagayawa har gishirinsa ya ninka sau 6 maimakon 3, ruwan da ake ƙara mata yana raguwa da kashi 20 cikin 100. Na'urar tace ruwa ta RO takan zubar da kwata zuwa rabin abin da ya shige ta, kuma wannan ruwan ya isa wankin ƙasa da ban-ɗaki. Ruwan da tururi ya koma bayan ya huce, a mayar da shi tukunyar da ke samar da tururin, an tsira da ruwa da zafi tare.

Ni a ganina gyaran yana da amfani ga masana'anta kanta, don inda babu doka maƙwabcin da ya fi ka zurfin rijiya shi zai busar da taka. Sai dai aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Lasisi kan daɗe bai fito ba saboda ƙarancin ma'aikata, hukumar ruwa da ta muhalli da ƙaramar hukuma kowacce ta zo da nata kuɗin kan rijiya ɗaya, kuma mai rajista ake matsa wa, mai haƙa a ɓoye yana sha kyauta. Lokacin gyara waɗannan shi ne kafin a sa hannu, sa'ad da ake jin ra'ayin jama'a. Ku je a ƙungiyance, da littafin mita a hannu, ku nemi wa'adin shiri kafin sabuwar dokar ta hau kanku, da ƙayyadaddun kwanakin da hukuma za ta amsa takardar nema, da ofishi guda na biya. A Faransa tun dokar 1964, haka ma a Brazil, masu amfani da ruwa suna da kujeru a kwamitocin kwarin kogi, inda ake tattauna kuɗin da za a caje su, to ku nemi irin wannan kujera.

In kuma kana shirin sayen wata masana'anta ko hayarta, ka ga lasisin ruwanta da idonka, ka tabbatar ana iya mayar da shi sunanka, ka kuma tambayi ko akwai bashin kuɗin zubarwa a kanta kafin ka biya.