Hukuncin karɓar rancen gwamnati na jari ga matasan karkara

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Goronyo, ina noman albasa da rani. Ana ta sanar da rancen gwamnati na jari, amma mu nan kaɗan ne ke nema. Wasu sun ce haram ne, wasu sun ce ai kuɗin ƙasa ne, ka ci rabonka. Akwai kuma mai cewa zai shigar da sunana in na ba shi wani abu daga kuɗin. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, hukuncin yana rataye da abin da aka rubuta a takardar da za ka sa wa hannu, domin rancen gwamnati iri-iri ne.

Idan an shardanta za ka mayar da fiye da abin da ka karɓa saboda lokacin da kuɗin suka yi a hannunka, wannan kuɗin ruwa ne, haram ne. Aya ta 275 a Suratul Baƙara ta halatta ciniki ta haramta riba, kuma hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya la'anci mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu. A Risala, wadda ake karantawa a zaurukan Sakkwato, an faɗi a sarari cewa rancen da ke jawo amfani bai halatta ba. Ƙanƙantar ƙarin ba ta sauya komai: shirin AGSMEIS na Babban Bankin Najeriya, na rancen noma da ƙananan sana'o'i, ya taɓa ɗora kashi 9 cikin ɗari, ya kuma taɓa ɗora kashi 5, duk hukuncinsu ɗaya. Masu cewa babu riba tsakanin gwamnati da talaka ba su zo da dalili ba. Masu kafa hujja da faɗuwar darajar naira kuwa, damuwarsu gaskiya ce, sai dai jumhurun malamai sun tafi a kan cewa bashi da kwatankwacinsa ake biya. Neman faɗaɗa sana'a kuma bai kai lalurar da ke halatta haram ba.

Ladan hidima daban ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta karɓar ainihin abin da aka kashe wajen gudanar da rance, ta ce abin da ya haura haka riba ne. Ka tambaya: wannan kuɗin sau ɗaya ake biya, ko yana ƙaruwa in wata ya ƙaru? In yana ƙaruwa, suna kawai aka canza masa.

Abin da ke damuna shi ne yadda matasa da yawa suka rufe ƙofar gaba ɗaya, alhali akwai ta halal. A 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin ba da tallafinsa ba tare da kuɗin ruwa ba, kuma bankuna irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJ suna aiki ne ba tare da kuɗin ruwa ba. A murabaha banki ne zai sayi injin ban ruwa ko taki, ya mallake shi, sannan ya sayar maka da farashi sananne, ka biya a hankali. Sharaɗinta shi ne kayan su shiga hannunsa da gaske, kuma farashin kada ya ƙaru in ka yi jinkiri. Akwai salam, wato a ba ka kuɗi yanzu ka kawo amfanin gona da awo sananne a lokaci sananne, kamar yadda hadisin Ibnu Abbas ya nuna. Akwai ƙiradi, inda mai jari zai ba ka kuɗi ka juya, ku raba ribar kasuwancin, asarar kuɗi kuma ta hau mai jari muddin ba ka yi sakaci ba.

Na san wahalar ba ta tsaya a fiƙihu ba. Sai an nemi BVN da NIN, fom da Turanci a intanet, ga mai tsaya maka, ga reshen banki sai an shigo birni. Haɗa kai a ƙungiyar manoma, ku lamunci juna, ya halatta, matuƙar ba a biyan mai lamuni lada a kan lamuninsa.

Mai shigar da suna kuwa, in jami'i ne ko ɗan korensa, abin da yake nema cin hanci ne, kada ka ba shi. In mai shagon kwamfuta ne da zai cika maka fom, ka biya shi ladan aikinsa sananne, ko an ba ka rancen ko ba a ba ka ba. Haramun ne kuma ka rubuta gonar da ba ka da ita.

Maganar "rabonka ne" ɓata ce. Abin da aka ba ka da sunan rance bashi ne a wuyanka, kuma Annabi (SAW) ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Ƙin biya shi ke sa a hana na baya. In ambaliya ko tsutsa ta cinye albasar, ka je ka sanar, ka nemi jinkiri. Aya ta 280 a Baƙara ta wajabta a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Kafin ka sa hannu, ka kai takardar ga malamin da ya san mu'amala a fassara masa ita sala-sala.

Wallahu a'alam.