Ɗakunan saman zuciya, meye aikinsu?

Tambaya: Likita, wai ɗakunan saman zuciya suna taimakawa wajen harba jini ko na ƙasa kaɗai ke shan wahalar? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Suna taimakawa sosai ɗana. Yawancin jinin da kansa yake gangarawa ɗakunan ƙasa, amma matsewar na sama ce ke cusa ragowar, kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, tun 1911 wani masani mai suna Robert Gesell ya gwada a karnuka ya ga in matsewar ta zo kan lokaci jinin da zuciya ke fitarwa yana ƙaruwa. Dubi doki ma, in ɗakunan saman zuciyarsa suka koma karkarwa maimakon matsewa zai ci harawarsa lafiya lau, amma a sa shi sukuwa sai ya sare nan take, wani har haɓo yake yi.