Yadda za ka fitar da jerin lambobi a SQL

Ɗan'uwa, ka ce kana riƙe da rajistar masaukin alhazai a unguwar Misfala da ke Makka, kana son lambobin ɗakuna daga 1 zuwa 1200 don ka gane waɗanda ba kowa ciki, ba tare da ka shigar da su ɗaya bayan ɗaya ba.

Manhajojin rumbun bayanai da ake ba umarni da harshen SQL iri-iri ne. Idan PostgreSQL kake amfani da shi, kakarka ta yanke saƙa: SELECT * FROM generate_series(1, 1200), shi ke nan. Sai ka haɗa shi da teburin baƙi ta LEFT JOIN (haɗin da ke fito da kowace lamba ko da ba baƙon da ya dace da ita), duk inda sunan baƙo ya fito NULL, wato ba komai, wannan ɗakin fanko ne. SQL Server 2022 ma yana da GENERATE_SERIES.

MySQL kuwa sai daga 8.0 ya samu WITH RECURSIVE, umarnin da ke maimaita kansa, wanda da shi za ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya har ka kai 1200. Nan ne ni ma na sha wuya a bara, dab da Hajji: yana kaiwa 1000 sai ya tsaya cak, domin iyakar maimaitawa (saitin cte_max_recursion_depth) ke nan tun asali. Ɗaga ta zuwa 2000 kafin ka gudanar.

Da ni ne, wallahi, zan ƙirƙiri ƙaramin teburin lambobi sau ɗaya, in ajiye, kullum ina ɗiba daga ciki.