Amsa ga mai son tara tsofaffin kuɗi da ɗan abin hannunsa

Ƙanena, ka ce kana son tara tsofaffin kwabbai amma aljihu ba nauyi. To, fara da gida. Tambayi kakarka, da wuya a rasa anini ko kwabo mai huda a ƙasan adudunta, irin na zamanin Turawa masu rubutun Larabci. Sisi da sule ma suna nan a hannun tsofaffi, tun da sai 1973 aka koma naira da kwabo.

Daga nan ka leƙa Kasuwar Barci da wajen 'yan gwangwan a Panteka, duk a Kaduna. Kada ka nuna zumuɗi, yanzu farashi zai tashi. Naira 1 da naira 2 na 2007 kuwa, kusan kyauta za ka same su.

Don Allah kada ka goge su da toka ko lemun tsami, darajarsu kake zubarwa. Naɗe kowanne a takarda daban, saboda laimar damina.